Littafin Garba da Iska Ta Raba wa Gari

Har gobe ban manta da ranar da iska ta raba wa mutanen Birnin Gwari littafin dokokin lantarki ba. Ku da kuke aikin waya yanzu, kowa da nasa littafin a jaka, ku ji yadda muka ƙare da guda ɗaya tak.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ina aiki a barikin saukar baƙi, ni ce mai wanki da guga, ni ce kuma mai ɗinkin labule da zannuwan gado. Shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba kam na iya ta, ko a kife ka kawo mini.

Mai kula da injin wutar barikin shi ne Garba, taubashina, ɗan kawuna. Hannunsa ya san waya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai ga takarda daga Kaduna: duk mai taɓa wayar gwamnati sai da lasisi, wanda ya faɗi jarrabawa a sallame shi a kawo wani. Garba kuwa baki tara yake ciyarwa da wannan injin.

Ga yadda ake jarrabawar. Baturen injiniya kan zo rangadi da tafintansa. Da fari ka yi aikin hannu a gabansa. Sannan ya ambaci wani aiki, misali ɗaki mai fitila shida da fanka, ya ce wane kaurin waya za a ja. Ka faɗa da baki, kuma ka buɗe littafin dokoki ka ɗora yatsa a inda aka rubuta haka. Littafin aro ne aka aiko wa Garba, da sharaɗi biyu: kada a yi rubutu a ciki, kada takarda ko ɗaya ta ɓace.

To, Garba karatun zaure ya yi wurin mahaifinsa, inda littafi warwara ne, ka zari takardar da kake so ka mayar da sauran cikin gafaka. Wannan ɗinkakken ya dame shi. Ya ce mini, "Yaya Hajo, littafin nan ba shi da ladabi. Ina buɗe shi yana rufe kansa."

Na ce, "Ka danne shi da dutse mana."

Ashe reza ya samo. Saura kwana huɗu Bature ya zo, ya yanke ɗinkin kaf, ya zauna gindin mangwaron bariki da hantsi yana kasa takardu kashi-kashi yadda ya gane zanen da ke jiki: na waya nan, na fis mai katse wuta in ta yi yawa nan, na makunni can. Ina shanya, ban ankara ba sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen daji. Iskar farkon damina ba ta sallama. Kafin ya miƙe, takardu sun tashi kamar balbelu, sun haye katanga sun nufi cikin gari.

Na same shi rungume da abin da ya saura, baki buɗe.

"Garba, me ka yi?"

"Gyara shi nake yi."

"Ai ka gyaru. Allah Ya sawwaƙe wa gidan da za ka ja wa waya da wannan basirar!"

"Yaya, ki yi mini faɗan daga baya. Yanzu ya za a yi?"

Na karɓa na shimfiɗa a teburin guga, na bi lambobin da ke ƙasan kowace takarda. Nan na gane abin da ya ɓoye mini: Garba bai iya lambar boko ba sai ta jikin mita, ita ma haddace ta ya yi. Na jera, na ƙirga. Takarda goma sha tara babu.

Ya ce shi ke nan, ruwa zai jiƙa su, awaki su ƙarasa. Na ce, "Kai dai a garin nan aka haife ka, amma ba ka san mutanensa ba. Wa ka taɓa gani ya tsallake takarda mai rubutu a ƙasa?" A lokacin babu mai yin haka. Duk wanda ya tsinci rubutu, ko ya iya karantawa ko bai iya ba, zai ɗauka ya kakkaɓe ya soke a tsagar katanga ko jikin zana, don gudun kada a taka sunan Allah.

Da hadarin ya wuce da ɗan yayyafi, na ɗaure zane muka shiga unguwar Magajin Gari. Ba ƙasa muke duba ba, bango muke bi. Mun ciro uku a danga ɗaya. Mun samu biyu a ƙarƙashin jinkar wani rumbu. Wata tsohuwa ta hana ni tata, wai ta riga ta sa a ƙasan tasoshinta don albarka. Na ce, "Iya, wannan bayanin yadda ake ɗaura fanka ne." Ta ce, "Ko ma mene ne, ai rubutu ne." Sai da Garba ya yi alkawarin gyara mata fitilar ƙwai ta sake ta.

Kwana biyu muna wannan yawo, muka haɗa sha takwas. Saura ɗaya, kuma ita ce uwar tafiyar, mai jerin kaurin waya. Ana gobe Bature zai zo, sai ga Bafillatanar da ke kawo wa kukun bariki nono daga rugar bakin daji. Ta zaro takarda daga tsakanin faifanta biyu, ta ce mijinta ya tsince ta maƙale a ƙaya wajen kiwo, ya ce a kai wa malamai su gani ko addu'a ce. Garba ya kusa durƙusa mata. Takardar tana ƙamshin man shanu, da tabo a gefe, amma rubutun lafiya lau.

Na ɗauko basilla na huda, na ɗinke littafin da zaren labule. Tun da an hana rubutu, sai na yi masa alama da abin da ya sani. Wayoyin lokacin launi uku ne: ja mai wuta, baƙi mai mayarwa, kore na ƙasa. Na soka jan zare a bakin babin kaurin waya da fis, baƙi a na makunni da fitilu, kore a na kare mutum daga jan wuta. Kowane zare da ƙulli, ɗaya, biyu, uku, bisa jerin takardun. Muka wuni ina tambaya yana buɗewa, in ya yi kuskure na buge masa hannu da faifai.

Washegari Garba ya gama aikin hannu lafiya. Ina ɗakin guga, ƙofa a buɗe, Bature ya ɗauki littafin ya jujjuya, ya shinshina. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, wa ya yanka littafin gwamnati?" Garba ya sunkuyar da kai, ya fara "Ranka ya daɗe, wato..." Na ajiye dutsen guga na fito.

"Malam tafinta, gaya masa Garba ya yanka, iska ta kwashe, gari ya tsinto, ni na ɗinke. An ce kada a yi rubutu, ba a yi ba. An ce kada takarda ta ɓace, ya ƙirga."

Tafinta ya ce, "Baba, haka zan faɗa?"

"Kada ka rage ko gishiri."

Bature ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, har da mai man shanu. Sannan ya ja jan zaren, ya ce yana tsoron zaren ne ya san aikin, ba Garba ba. Ya kife littafin ya ɗora hularsa a kai, ya yi tambaya biyar. Garba ya amsa duka da ka. Bature ya ɗage hula ya ce to a nuna a littafi. Garba ya shafa ƙulli ya buɗe, kafin tafinta ya rufe baki. Bature ya yi dariya har ya share ido, ya sa hannu a takardar lasisi. Garba ya riƙe injinsa har ya yi ritaya.

Abin da na koya ke nan game da ku masu waya. Ba ku tsoron hawa falwaya, ba ku tsoron tartsatsi, amma ku ce "ban iya ba" ya fi muku mutuwa wuya. Da Garba ya faɗa mini tun farko bai san lamba ba, da rana ɗaya ta ishe mu. Wuta kuwa ba ta jin kunyar kowa. In ba ku gane abu ba, ku tambaya tun da wuri, ko da mai guga ce ke kusa.