Goshin Japheth Mai Walda

Japheth mai walda ne a Chikaji. Ƙofofi da tagogin ɗakunan ɗalibai da yawa a Bomo aikin hannunsa ne. Ran Lahadi kuma shi ke jan waƙa a cocinsu da ke Sabon Gari.

Wajen 2004 gilashin walda ya fara matse masa goshi. Ya sayi wani. Sai haɓarsa ta turo gaba, haƙoran ƙasa suka wuce na sama, har tauna nama ta gagare shi. Matarsa Bibiana, da yake kullum tana ganinsa, ba ta lura ba. Uwarsa ce da ta zo Kirsimeti daga Zonkwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa sauke kayanta.

"Ɗan nan, wa ya taɓa maka fuska?"

Aka shiga addu'a da jiƙe-jiƙe, ga kuma ciwon kai da ya ƙi barinsa. Muryarsa ta yi kauri, aka mayar da shi layin baya cikin mawaƙa. Daga bisani ya daina zuwa.

Wata likitar haƙori, Dakta Naila, da ya je sa wa ƙofa a Samaru, ita ta matsa masa ya ɗauki hoton ƙashin kai. Da ya kawo, ta ɗaga hoton, ta nuna masa wani kogo a cikin ƙashin goshi, saman gira.

"Kowa na da shi, Malam Japheth, kuma yakan bi yadda fuskar mutum ta girma. Naka ya buɗe fiye da kima. Ƙashinka bai daina girma ba. Ina zargin ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, amma sai an bincika."

"In an cire, fuskata za ta dawo?"

"Ciwon kan zai iya sauƙi. Ƙashi kam ba ya komawa."

An yi masa aiki a 2007. Ciwon kan ya lafa, amma ganinsa ya riga ya ragu, walda ta fi ƙarfinsa. Ya koma zama a rumfar Bibiana a kasuwar Samaru, yana auna wake.

Abin da ya fi damunsa 'yarsu ce, Ƙauna. An gaya masa ba kasafai ake gadon ciwon ba. Duk da haka, da ta ce kanta na sara mata, sai ya ajiye mudu ya kira ta, ya yi ta shafa goshinta da babban yatsa har sai uwar ta ce ya ƙyale yarinya.