Kitsen Tarwaɗa

Bayan an tare ruwan Challawa a Karaye, maigidana ya jingine fartanya ya kama sana'ar su, ni kuma ina taya surukata bandar kifi. Inna mace ce mai kaifin baki, ko gishiri na barbaɗa sai ta ce hannuna ya yi nauyi. Tsoronta nake ji ƙwarai.

Wata rana maigidana ya kamo manyan tarwaɗa daga can tsakiyar ruwa, muka zuba su a randa da ransu. Kwana uku sai maƙwabcinmu, mai kiwon tarwaɗa a rami yana ba su dusar masara, ya kai ƙara gun sarkin ruwa wai nasa ne aka kwashe. In ta tabbata, an raba maigidana da ruwa ke nan, ga sunan ɓarawo.

Aka taru a ƙofar gidanmu da hantsi. Wani ya ce a farke cikin kifin a ga abin da ya ci. Aka farke, wayam. Kwana uku a randa, me zai saura? 

Sai ga Inna da wuƙarta. Ta durƙusa ta gaida sarkin ruwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ciki ai abincin jiya kawai ya sani. Kitse za a duba. A kawo ɗaya daga raminsa."

Ta tsaga duka biyun. Kitsen na rami rawaya ne, luguɓ. Namu fari, ga ƙarni.

"Wannan masara ya ci," in ji ta. "Wannan kuwa ƙananan kifi ya ci, su kuma ƙwarin ruwa suka ci. Malam, kifi kake ba naka?"

Maƙwabcin ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri.

Shekaru bayan haka, ɗiyata mai karatun kimiyya ta ba ni labarin masanan da ke auna sinadaran kitsen halittun ƙasan teku, inda haske ba ya kaiwa, don su gane wa ke cin wa. Na ce mata kakarta ta riga su, kuma da wuƙar banda. Har yau ban ga mai ido irin nata ba.

Washegarin shari'ar maigidana ya saɓa taru ya nufi ruwa, kowa na gaishe shi. Na durƙusa zan yi wa Inna godiya, ta katse ni, ta miƙo min wuƙar.

"Tashi ki koya. Ba kullum zan kasance a tsakar gidan nan ba."