Alƙalin da Ke Ƙirga Kunnuwa

Rabilu Mai Hoto ɗan Dogarawa ne, amma kada a faɗa a gabansa, don shi tun ranar da ya sa takalmi mai igiya ya zama ɗan Malbaza. Aji uku ya yi a lakwal aka kore shi, saboda ya zana mushe, wato malaminsu, a bango da kunnuwan jaki, kuma abin da ya fi ƙona wa mushe rai shi ne kowa ya gane shi. Ubansa ya kai shi gona, gero ya ƙi shi. Ya kai shi kiwo, awaki suka dawo gida su kaɗai suka bar shi yana kallon inuwar bagaruwa. Daga ƙarshe wani Bayarabe mai hoto a Konni ya ɗauke shi wankin fim, shekara shida a ɗaki mai duhu, har hannunsa ya koma kamar bayan ƙadangare. Ya fito da kyamara ɗaya, da farin ƙyalle ɗaya, da girman kan da amalanke biyu ba su ɗauka.

Ya kafa shago a bakin titin Malbaza, inda manyan motocin siminti ke wucewa suna shafa wa kowa hoda kyauta. Aikinsa hoton karti ne, wato ɗan hoton da ake liƙawa a katin shaida, na ɗan ƙasa, da na jarrabawa, da na masu neman aiki. Dokarsa ba ta da ƙari ba ta da ragi: kunne biyu su fito, ido biyu a buɗe, baki a rufe. Wanda ya yi murmushi ya shiga uku.

"Mi kaka yi ma dariya? Gwamnati ta ce maka tana son haƙoranka?"

Ana kiransa Idon Shaho. Shi da bakinsa yake cewa yana hango ƙuda a kan hasumiyar masallaci ya gaya maka namiji ne ko mace. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya, matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma da shi yake taka mutane.

Cikin waɗanda ya taka akwai Mas'udu, wani ɗan Alela da ya zo ɗaukar hoton jarrabawa. Tun yana rarrafe raƙumi ya cinye masa kunnen hagu. Rabilu ya zaunar da shi gaban farin ƙyalle, ya duba dama, ya duba hagu, ya ce, "Ina ɗan'uwan wanga? Gida ka baro shi?" Ya ɗauki hoton, ya shiga ciki ya zana masa kunne da fensir, ya yi shi ma ya fi na gaskiyar girma. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya wanke babba ya rataya a ƙofar shago, ya rubuta a ƙasa: Rabilu na gyara abin da raƙumi ya ɓata. Shekara goma sha ɗaya hoton nan na rataye. Sunan Kunnen Fensir ya bi Mas'udu koleji, ya bi shi Yamai, ya riga shi isa gidan da ya je neman aure.

To, shekaru sun tafi, sai yanar ido ta sauka wa Rabilu. Ta fara da na hagu, ta ga babu mai korarta ta ƙetara na dama. Yanzu in mutane sun shigo shago, buhunan siminti yake gani suna tafiya suna sallama. In yana son ganin abu sai ya kai shi dab da hancinsa, ya karkata kai, kuma ba ya yin haka sai ya tabbatar babu kowa.

Mutum ɗaya ya sani, ɗiyarsa Ummulkhairi, wadda ta dawo gida da mijinta ya rasu. Shekara bakwai ke nan ita ke ɗaukar duk hoton da ya fita daga shagon. Shi zai miƙe ya yi ta faɗa, ya kama kan mutum da hannu biyu ya shafa kunnuwansa ya daidaita, mutane na cewa ka ga gwani, shi kuwa ƙirgawa yake yi. Ita za ta saita haske ta danna. In baƙo ya yaba, sai Rabilu ya ce, "Yatsa ɗai gare ta. Mace ba ta da idon hoto." Ta roƙa a sa sunanta a allon shago ko da ƙanana ne, ya ce fenti ya yi tsada. Ta roƙa su je wurin likitan ido, ya ce in wani ɗan Malbaza ya gan shi a layin masu ciwon ido, gara a binne shi da ransa.

Bara da kaka, ƙungiyar masu hoto ta Konni da Malbaza da Illela ta shirya gasa, ta masu shago kawai, ba ta ƴan wasa da waya ba. Shugaban ƙungiyar kuwa Mas'udu ne, yanzu da buro, wato ofis, da tumbi da hula da yake karkatawa hagu. Da kansa ya hau babur ya zo Malbaza, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Rabilu, alƙalai uku muka so. Mun samu masu takarda, ba mu samu mai ido ba. In ba Idon Shaho, gasa ta zama wasan yara."

Rabilu ya ji kansa ya taɓo kwanon shago. Abin da bai sani ba shi ne wata guda kafin nan Ummulkhairi ta aika hoto ɗaya gasar a ɓoye, cikin ambulan, kuma Mas'udu ne ya buɗe shi, kuma a ranar da ya buɗe ne ya tuna akwai tsohon gwani a Malbaza.

Da baƙo ya tafi ta ce, "Baba, kada ka tahi."

"Hassada ta taso?"

"Ka ce masu ba ka jin daɗi. Don Allah."

"Ke dai wanke mani babbar rigata mai ruwan toka, da hular nan tawa."

Ta buɗe baki za ta faɗa masa maganar hoton da ta aika, ya ce mata yatsa ba ya magana. Ta rufe, ta je ta ɗebo ruwa.

Ranar Asabar da hantsi gidan matasa na Konni ya cika har taga. Aka zaunar da alƙalai a dogon tebur, aka karanta tarihin kowa a lasifika. Madam Nabila ta yi karatun hoto a Dakar, ta yi wa jaridu aiki, ta shiga ruwa har ƙirji ta ɗauko hoton ambaliya. Mas'udu yana da takardun da in aka shimfiɗa su za su kai iyakar Najeriya. Shi kuwa Rabilu da kansa ya faɗi nasa aka rubuta: ya ɗauki mutum dubu ɗari tara, da ministoci bakwai. Gaskiyar ita ce motar minista ɗaya ce ta taɓa wucewa a guje, ya ɗauki ƙurarta.

Hotunan ba suna a jikinsu, lamba ce kawai. A kawo ɗaya gaban tebur, a juya wa jama'a su gani, alƙalai su yi magana. Rabilu ya kwana uku yana shirya dabararsa, kuma ta yi aiki. Da aka kawo na farko ya harɗe hannu ya ɗaga haɓa.

"Madam, ke da kinka yi karatu Dakar, ƙirga mani kunnuwan da ke cikin wanga."

Madam Nabila ta ce, "Baba, mace ce bakin rijiya, daga baya aka ɗauke ta. Dubi yadda igiyar..."

"Kunne nawa?"

"Babu."

"A fitar da shi."

Jama'a suka kwashe da dariya. Kowa ya ɗauka tsiya ce irin tasa, ba wanda ya gane tambaya ce ta mai neman a gaya masa. Aka kawo gonar albasa da rana na faɗuwa, ya ce yaushe albasa ta yi kunne. Aka kawo ƴan kokawa biyu sun sarƙe, ya ce mutum biyu kunne huɗu ne, an ba shi uku, a je a nemo ɗayan a cikin rairayi. Wani magidanci mai shago a Illela, da ya kwana biyar a ruga kafin ya samu hoton saniya na lasar ɗanta, ya ji an ce masa ya koma sayar da ƙanƙara. Ya tashi ya fita, matarsa na biye. Madam Nabila tana kare kowane hoto da maganar haske da inuwa, Rabilu yana kashe ta da kalma biyu. Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Sai aka kira lamba goma sha bakwai.

Aka juya wa jama'a, sai ɗakin ya yi tsit. Rabilu ya ji shirun a fatarsa, ya ɗauka jira ake ya yi yanka. Abin da yake gani dunƙulen duhu ne da wani fari-fari a gefe.

"Kunne nawa?"

Madam Nabila ta yi ƙasa da murya. "Baba, wannan mu bar shi, mu biyu mun isa."

Mas'udu ya ja lasifika gabansa. "Guda ne, ranka shi daɗe. Wani tsoho ne zaune bakin taga, daga gefe anka ɗauke shi. Kunne guda. Ko a kawo fensir?"

Wani ya yi tari a baya. Rabilu ya gyara babbar riga ya shiga aiki. Ya ce duk wanda ya ɗauki wannan a karɓe masa kyamara a ba shi muciya. Ya ce tsohon ma bai da kunya, fuska kamar busasshen ɗan kuka, ya zauna ana ɗaukarsa maimakon ya je ya nemi likkafani. Ya ce irin waɗannan tsofaffin ne ke tare wa mutane iska a bakin masallaci. Yana faɗa yana jiran dariya, dariyar ba ta zo ba, sai wani ƙus-ƙus kamar ana cin gyaɗa a ɓoye.

Mas'udu ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Amma akwai gardama tsakanina da Madam. Farin nan da ke cikin idon tsohon, ita ta ce haske ne, ni na ce ciwo ne. Idon Shaho ɗai ka iya raba mu. Riƙa."

Ya danƙa masa hoton a hannu.

Babu wanda zai tambaya yanzu. Rabilu ya riƙe shi nesa kamar mai gani, ya yi gyaran murya. Duhu. Ya matso da shi kaɗan. Duhu. Mutum ɗari uku na jira, kuma Idon Shaho ba ya cewa bai sani ba. Hannunsa ya ci gaba da kansa, ya matso, ya matso, har takardar ta taɓa hancinsa, ya karkata kai.

Abin da ke cikin hoton shi ne wani tsoho da babbar riga mai ruwan toka, zaune bakin taga, ya kai wani hoto dab da hancinsa, ya karkata kai, hasken safiya ya faɗa kan yanar idonsa ta yi fari kamar nono. Riga ɗaya, hula ɗaya, karkata ɗaya. Sai ka ce madubi aka ba shi.

Dariyar da ta tashi an ce har a Dogarawa kaji sun firgita. Wayoyi suka ɗaga sama kamar zangarniya. Shi kuwa a can dab da hanci ya fara gane abubuwa ɗaya-ɗaya: ƙarfen tagar shagonsa da ya lanƙwashe, ɗinkin hularsa, tabon da ƙofar mota ta yi masa a goshi. Ya ga kuma inda hasken ya sauka, ya san shi a shekara arba'in bai taɓa sa haske ya sauka haka ba. Wannan bai faɗa wa kowa ba.

Ya aje hoton a hankali. "Wa ya ɗauki wanga?"

Mas'udu ya buɗe ambulan yana jan lokaci, ya karanta kamar mai kiran sallah. "Ummulkhairi Rabilu, Malbaza."

Tana can baya wajen mata, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka zo jefa ƙuri'a. Madam Nabila ta ba lamba goma sha bakwai tata ba tare da ta ɗaga kai ba. Mas'udu ya ba shi da hannu biyu. Aka juyo kan Rabilu, shi kuwa bai sauka ba.

"Kunne guda ne. Bai ci ba."

Biyu da ɗaya, hoton ya ci na farko.

Kafin motar haya ta kai su Malbaza, bidiyon ya riga su. Ƴan kabu-kabu na bakin tasha suka tarbe su kowa da takarda manne a hanci. Idon Shaho ya mutu a ranar, aka haifi Mai Duba da Hanci. Bayan sati biyu aka sake fentin allon shago, sunan Ummulkhairi da manyan baƙaƙe, kuma masu zuwa ɗaukar hoto suna wuce shi a kan benci su ce, "Sannu Baba, mai shagon na ciki?" Tun da babu sauran abin ɓoyewa, ya yarda a kai shi likitan ido. Aka ce sai ya zo da hoton karti biyu.

Ta zaunar da shi gaban farin ƙyallensa. Ta kama kansa da hannu biyu ta daidaita kunnuwan.

"Dubi nan, Baba. Ba can ba." Ta kaɗa yatsu kusa da kyamara. "Inda kaka jin ƙara."

"Ke kinka kashe ni, Ummu."

"Na ce kada ka tahi. Rufe baki, zan danna."

An yi masa aiki a ido ɗaya, yana gani tangaran. Abu na farko da ya gani da aka bi da shi ta Konni shi ne lamba goma sha bakwai, an wanke shi ya kai tsayin ƙofa, rataye a gaban buron ƙungiya inda duk mai zuwa kasuwa ke bi. Ya aika a roƙi Mas'udu ya sauke. Mas'udu ya ce a gaishe da Baba da kyau, a ce masa ba zai daɗe ba, shekara goma sha ɗaya ce kawai, kuma an riga an ci ɗaya.