Tozon Raƙumi a Cikin Tabilet

Ina riƙe da ajin ƙarshe na firamare a nan Dakoro lokacin da anspekta ya iso da baƙi biyu daga Maraɗi, mace da namiji, da kwali cike da tabilet. Suka ce ba iya karatun yara suka zo aunawa ba. So suke su ga ko yaro zai iya shiga intanet, ya duba shafuka biyu, ya gane wanda ya kamata ya yarda da shi. Na gyaɗa kai kamar na fahimta.

Tambayar ita ce: me ke cikin tozon raƙumi? Shafi guda ya ce ruwa, har da hoto mai kyau. Ɗayan ya ce kitse, kuma likitan dabbobi ne ya sa hannu a ƙasa.

Akwai wata yarinya a ajina, iyayenta makiyaya ne daga wajen Rumbu, wurin gwaggonta take zaune saboda lakwal, wato makarantar boko. Ko shafi ɗaya ba ta buɗe ba, ta rubuta kitse ta ajiye tabilet. Namijin ya tambaye ta inda ta karanta.

Ta kira shi yadda ake kiran malami a nan, ta ce, "Mushe, ban karanta ba. Ranar da aka yanka raƙumin kawuna ni na riƙe kwanon kitsen."

Ya sa mata sifiri.

Ɗalibin da ke kusa da ita kuwa ya samu maki cikakke. Da na tambaye shi dalilin zaɓen shafin likita, sai ya ce ɗayan ne ya ƙi buɗewa, rezo, wato sabis ɗin intanet, ya yi rauni.

Da aka tashi na bi macen har bakin mota na faɗa mata duka biyun. Ta saurara da kyau, ta ce hanyar da yaro ya bi suke aunawa, amsar ba ta dame su sosai ba. Na ce ai shi ɗalibin ma bai bi hanyar ba. Ta ce haka ne, amma takardarsu ba ta da gurbin rubuta wannan.

Bayan damina sakamako ya zo, an rubuta ajina yana tsaka-tsaki. Direktan lakwal ya kira ni ofis, ya juya takardar gaba da baya, ya tambaye ni ko yabo ne ko faɗa. Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce to me za mu canza a koyarwa, tunda tabilet ɗin sun koma da abinsu? Muna cikin haka aka buga ƙararrawa, na koma aji na ɗauki alli.