Wayar Lantana Ta Ƙwace Mini Mata

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau, har yanzu zuciyata tafasa take!

Tun zamanin da jirgin ƙasa ke lodin gyaɗa a Ƙaura, kafin lantarki ya iso unguwarmu, duk mai sayen kayan ɗakin ɗiyarta gare ni take fara zuwa. Ni ke cewa kwanoni sai Shinkafi, tabarma sai Zurmi. Ta aje mini goro, ta tahi.

Yau mata suka wuce ƙofata, suka shige wurin Lantana, amaryar maƙwabcinmu. Na bi su. Ashe wani shafi ne a wayarta ke jera farashin shaguna, mai tsada da mai rahusa!

Na ce, "Ke Lantana, wayar taki ta taɓa taka Shinkafi?"

Ta ce, "Inna, mi zai kai ta? Katifar da kika ce sai Gusau, ga ta nan bakin tasha, ta ma fi araha."

Suka kwashe da dariya! Goron ma ita suka ba!

Cikin waɗanda muka ci kasuwa a wancan zamani, saura ni da Hajjo. To, Hajjon ce manne da Lantana, tana cewa, "Ɗiyata, duba mini tukunya."