Ɗorawar Tsohuwa da Ƙwaryar Farko

Tun ina yarinya na tsani warin daddawa, ba zan ɓoye ba. A ɗan ƙauyenmu da ke kusa da Nasarawan Doya, da bazara ta kama, duk wanda ya shigo gidanmu sai ya toshe hanci. Inna, mahaifiyata, takan dafa kalwa a wata ƙatuwar tukunya, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har warin ya kama zanen kowa. A makaranta 'yar mai daddawa ake ce mini. Na sha dawowa gida ina kumbura baki, Inna ta dube ni ta ce, "To sarauniya, yau a yi miki miyarki daban, ba daddawa?" Ban taɓa cewa a yi ba.

Kalwar nan duk daga bishiya ɗaya take fitowa, wata ƙatuwar ɗorawa a gefen gonar Baba, wadda kowa ke kira ɗorawar Tsohuwa. Tsohuwa kakar Inna ce ta wajen uwa. Abin da na sani game da ita ke nan, sai kuma cewa ita ta shuka bishiyar.

Idan an kaɗe ɗorawa an fitar da kalwa, Inna takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta yi rabo. Ƙwaryar farko ta ajiye gefe, wannan sadaka ce, a miƙa wa duk maƙwabcin da ya fara leƙowa. Sannan ta shiga kira tana zubawa: ta Hunkuyi, ta Makarfi, ta Kurmin Kogi, ta Ikara. Mata zalla, 'ya'yan mata da jikokin mata, duk inda aure ya kai su. Maza ba su da rabo, sai dai su sha a miya. Da na yi aure a Ikara na kama aikin koyarwa, ni ma aka fara aiko mini da ƙullina, ina karɓa ina yatsina fuska, ina kuma zubawa a miya.

Bayan rasuwar Baba, gonar ta faɗa hannun yayanmu, babban wanmu, mutum mai kirki amma ba shi da haƙurin noma. Ni har na yi ritaya lokacin da ya sayar da ita ga wani manomin masara daga Makarfi. Ba a daɗe ba sabon mai gonar ya aiko da gaisuwa wajen Inna, da saƙo a bayan gaisuwar: inuwar ɗorawa tana cinye masa masara, tarakta kuma sai ta yi ta kewaya ta, don haka zai kira masu inji su sare ta kafin ruwa ya sauka.

Ranar da na je na tarar da Inna ta ƙi cin abinci. Ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan daram.

"Gona ya saya," ta ce mini, "bai sayi ɗorawa ba. Yaushe aka fara haɗa gona da itace a ciniki ɗaya?"

Muka je gaban mai unguwa, ni da yayanmu da mai gonar. Mai unguwa ya ce ya san al'ada, itace yakan zama na wani, ƙasa ta wani. Amma shi tun da ya buɗe ido gidanmu yake gani da gonar, gidanmu yake gani da bishiyar. Da me zai raba su? A kawo masa shaida cewa asalinsu daban ne. Ya roƙi mai gonar ya bari a kaɗe 'ya'yan bana tukuna, tun da ta riga ta yi fure. Mutumin ya ce ya ji ya yarda. Ni kuwa na so a ce ya yi rashin kunya don in samu abin kamawa, amma ina! Har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni.

Na dawo gida na sa yayanmu a gaba. Shi ne mai alfahari da tarihin gida, yakan jero kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, wane ya haifi wane, kamar mai biya karatu. Na ce to bismilla, ina Tsohuwa a ciki? Ya sosa ƙeya ya ce ai ita ta wajen mata ce. Na zazzage tsohuwar adakar Baba, na sami rasiɗan haraji da gara ta ci rabinsu, da takardar asibiti, da hotonsa na tafiya Makka. Ko alamar Tsohuwa babu. Haushi ya kama ni har na ce wa yayanmu, "Wato ku duk daga sama kuka faɗo, ba mace ce ta haife ku ba?"

Inna tana jin mu daga ɗaki. Ta ce, "Ke da kike ta hargowa, bi kalwa mana. Duk gidan da nake aika wa, jininta ne. Wata a cikinsu ba za ta rasa abin da ta ji ba."

Haka na shiga yawon dangi da tsufana, daga wannan mota zuwa wancan babur. A Hunkuyi na sami wata 'yar uwarmu mai sayar da hatsi a gida. Ta cika ni da fura, ta ce ita dai ta ji an ce Tsohuwa doguwa ce, ga faɗa, kuma in ban yi hankali ba ni na gado ta. A Makarfi aka ce mini ai a kasuwarsu take sayar da daddawa, da ƙafa take zuwa, kwando a ka. Kowa da guntun labarinsa, amma babu wanda zan iya kai wa mai unguwa. Duk inda na je kuma sai a ce, "Kin je Kurmin Kogi? Je ki wajen Iya."

Iya 'yar yayar kakata ce, ta girmi Inna. Ta auri Kirista tun tana budurwa, 'ya'yanta da jikokinta duk 'yan coci ne, amma ƙullin kalwarta bai taɓa fashi ba, kuma duk Kirsimeti shinkafarta tana iso mu. Rabona da ita tun bikin ƙanwata. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa da hannuwa masu rawa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta ture farantin gyaɗar.

Ta ce Tsohuwa daga arewa ta zo a wata shekarar yunwa, mijinta ya mutu a hanya, ta iso da 'ya'ya mata biyu da kalwa ƙulle a bakin zane. Lokacin ƙauyenmu gidaje ne 'yan kaɗan a bakin kurmi. Aka so ta yi aure ta shiga gidan wani, ta ce a'a, a nuna mata inda za ta kafa bukka. Ita ce mace ta farko da ta zauna da kanta a wurin. Gona kuwa ba a ba ta ba, ga ta baƙuwa, ga ta mace. Sai ta bi masu gonaki tana roƙon su bar ta ta shuka ɗorawa a gefe. Mutane suka yi ta dariya, wa ya taɓa shuka ɗorawa, abin da ke tsirowa da kansa a daji, kuma sai ka gaji da jira kafin ka ga 'ya'yansa? Ta shuka, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, ta dinga ɗauko ruwa daga rafi da rani. Kafin su girma, kalwar daji take tsintowa tana daddawa. Bishiyoyin da yawa ne, in ji Iya, sauran duk sun tafi, wannan kaɗai ta rage.

Ni ina jin labarin, idona ya cika da hawaye. Matar da nake jin kunyar warin sana'arta ke nan.

Sai Iya ta tambaye ni, "Shi sabon mai gonar, kun kai masa tasa?"

Na ce, "Tasa me, Iya?"

"Ƙwaryar farko mana! Ta inuwa."

Na ce ai ƙwaryar farko sadaka ce, haka muka taso muka gani. Iya ta tafa hannu ta yi dariya har da tari.

"Sadaka? Kayya, 'yar nan! Alkawari ne. Da shi aka bar ta ta shuka. Ta ce musu, na san inuwata za ta ci muku amfani, to duk shekara ƙwaryar farko ta mai ƙasa ce, kafin 'ya'yana su taɓa. Uwata ta sha kaiwa. Da ta yi aure, kakarki ta karɓi kaiwa. Garin kai ƙwaryar nan ne ɗan mai gonar ya ƙyalla ido ya gan ta. Kakanki ke nan! Da mai ƙasa ya zama miji, wa za a kai wa? Tukunya ɗaya ce. Shi ne kakarki ta mayar da ita sadaka, don kada hannu ya manta."

Daga baya gonar ta zo hannun Baba, da yake auren zumunci suka yi da Inna, shi ɗan wan mahaifinta ne. Ashe shi ya sa mai unguwa bai taɓa ganin gonar da bishiyar a rabe ba.

Da na kawo wa Inna labarin ta ce, "Oh ni! Ita kuwa uwata ko sau ɗaya ba ta faɗa mini ba." Na ce ina za ta faɗa miki yadda aka yi ta haɗu da mijinta? Inna ta kai mini duka da mafici, tana dariya.

Na ce to gobe sai wajen mai unguwa, a ɗauko Iya a mota ta ba da shaida. Inna ta ce babu inda za a ja tsohuwa. "Ba shari'a za mu yi ba. Mu ne ba mu cika alkawari ba."

Aka kaɗe ɗorawa, aka fitar da kalwa. Inna ta cika ƙwaryar farko har tana zuba, ta ɗora curin daddawa a kai, ta ce in riƙe mata hannu. Muka sami mai gonar a gonar, yana duba inda zai zuba taki. Ya taso da sauri yana cewa, "Haba Inna, da kin aiko ai ni zan zo." Inna ta miƙa masa ƙwaryar. Ya ce a'a, a bar wa mabukata.

"Ɗana, ba kyauta na kawo maka ba," in ji Inna. "Haƙƙinka ne, na inuwa. Wadda ta shuka itacen nan ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa a garin nan, da wannan ƙwaryar aka bar ta. Mun makara da kawowa, ka yafe mana. In ka karɓa, kowace shekara za ta zo maka. In kuma sarewar ce, to ƙasarka ce, ba zan yi maka baki ba."

Ni ban san za ta faɗi wannan na ƙarshen ba. Mutumin ya tsaya yana kallon ƙwaryar, ya ɗaga kai ya dubi bishiyar. Sannan ya sa hannu biyu ya karɓa. Abin da ya roƙa kawai, a bar shi ya rage reshe ɗaya da ya miƙe tsakiyar gona. Inna ta ce, "Rage, ai ko ni ana yanke mini farce."

Damina ta sauka, ɗorawa tana tsaye. A cikin daminar nan Inna ta rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Da bazara ta zagayo ina Ikara, ban ko tuna da wata ɗorawa ba, gidan ƙauyen ma ba na son tunawa da shi. Wata safiya wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Mai gonar ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Malama, ɗorawa fa ta nuna, har ta fara zuba. Na hana yara taɓawa. Yaushe za ku zo?"

Na je. 'Yan uwa mata suka taru, aka kaɗe, aka fitar da kalwa, aka shimfiɗa tabarmar Inna a tsakar gida. Ina jira wata ta zauna, sai na ga duk ni suke kallo. Na zauna. Na cika ƙwaryar farko na ce a kai wa mai gona. Na shiga kira: ta Hunkuyi, ta Makarfi, ta Kurmin Kogi. Na sake cika ƙwarya, bakina ya riga ni, na ce, "Ta Inna." Na rasa inda zan zuba ta, na riƙe ta a cinya ina kuka, kuka sosai irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

'Yata ta fari ce ta matso ta karɓi ƙwaryar daga hannuna. Ita ma tun tana ƙarama take toshe hanci in na buɗe ƙullin daddawa. Ta ce, "Mama, kawo. Ina tukunyar take?"