Zoben Rumawa da Amsar da Na Ba Gwaggo

Sallar asuba kawai muka yi muka fito daga unguwarmu University Heights da ke Bronx, ni da mutumin da ke neman aurena da ƙanwarsa mai rakiya. Gwaggo ta ce a ranar zan ba ta amsa, ko e ko a'a. Shi ya zaɓi inda za mu, babban gidan tarihin da ke Manhattan. Ni kuwa na kwana ina zana mu a zuci, muna tafe tsakanin kayan sarakuna yana faɗa mini kalamai masu sanyi.

A tashar 125th Street muka sauka daga jirgin ƙasa, muka sha koko da ƙosai wajen wata 'yar Ghana. Kokon ya ji citta, ya kore mini sanyin da ya kama yatsuna. A nan daɗin tafiyar ya ƙare.

Da muka isa gidan tarihin, ɗakin Rumawa muka fara shiga, gumakan farin dutse ne birjik, yawancinsu ba hanci. Daga nan sai ɗakin mayaƙa masu sulke. Tsakanin ɗakunan biyu ya tsayar da mu, ƙafata na zugi cikin sabon takalmi. Wai da sarkin Rum ya kasa tsare hanyoyi, sai kowane shugaban soja ya gina ganuwa ya zama sarkin kansa, talakawa suka miƙa wuya don a kare su. Wai haka sabon zamani ya shigo.

"Malama, kin ga gwamnoninmu ke nan!" in ji shi, yana ta murna.

Can na hango wani ƙaramin zoben zinariya, an sassaƙa hannaye biyu riƙe da juna. Na matsa kusa da zoben. Na ce, "Malam, dubi wannan."

Ya leƙa. "Auren siyasa ne. Gida biyu ke haɗa ƙarfi."

Ƙanwarsa ta dafe kai ta ce, "Haba Yaya!"

Gaskiya mutumin kirki ne. A jirgin komawa ya tashi ya ba ni kujera, ya tsaya a kaina yana ƙarasa faɗuwar Rum har Bronx.

Na dai ƙaru da ilimi. Yanzu na san daula ba ta rushewa rana ɗaya, kuma na san ba zan iya shekara arba'in ina sauraron dalilin ba.

Gwaggo na bakin ƙofa. "To, 'yar nan?"

"Gwaggo, a ba shi haƙuri."

"Me ya yi miki?"

"Wuni guda, ko mayafina bai ce ya yi kyau ba."